Otal-otal na wuraren wasa masu sa mutum cikin labari: tsadar ta yi daidai da abin da ake samu?

Maman Uku:

Assalamu alaikum, jama'a. Ina neman haske daga waɗanda suka san harkar. Otal-otal ɗin nan da ake ginawa a cikin manyan wuraren wasa irin su Disney, Universal, Legoland da Europa-Park, waɗanda ake tallata su da cewa da zarar ka sa ƙafa ka shiga wata duniya daban, me mutum yake saya a zahiri? Na ga farashin ɗaki a wasunsu ya ninka na otal mai kyau da ke waje sau biyu, wani ma sau uku. Na kuma ji Disney ta rufe nata na fina-finan Star Wars bai ma cika shekara biyu ba. Tsada ce ta kashe shi, ko kuwa abin ne bai yi armashi ba? Idan iyali ne na mutum biyar, manya biyu da yara masu shekara 4, 8 da 11, ta yaya za a lissafa a gane ko ya cancanci kuɗin?

Abu Hanif:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin a zo ga lissafi, ki raba su gida uku, domin masu talla suna dunƙule su wuri ɗaya da gangan.

Akwai wanda ado kawai yake sayarwa: an zana bango, an sa kafet da labule masu hoton labarin, an gina zauren karɓar baƙi kamar fada ko jirgin ruwa. In kin cire adon, ɗaki ne kamar kowane. Akwai wanda matsayinsa yake sayarwa, wato kusanci da ƙofa da gatan shiga da wuri ko tsallake layi. Sai na ukun, wanda otal ɗin kansa ne wasan, akwai 'yan wasan kwaikwayo da ke yawo tsakanin baƙi, kuma ana ba baƙo rawar da zai taka. Wannan na ukun shi ne mai wuyar sha'ani, kuma shi ne wanda kika ji an rufe.

Sunansa Star Wars: Galactic Starcruiser, a Walt Disney World da ke jihar Fulorida a Amurka. An buɗe shi ranar 1 ga Maris 2022, aka sanar da rufe shi a watan Mayu 2023, baƙin ƙarshe suka fita ranar 30 ga Satumba 2023. Wata goma sha tara ke nan. Ɗakuna 100 ne kacal. Ba a kama dare ɗaya, ba a kama uku. Dare biyu ne ga kowa, ana shiga da rana bayan ƙarfe ɗaya, a fita da safiyar kwana na uku, wajen awa 45. Farashin da suka fara sanarwa, a lokacin da ya fi araha kuma a ɗaki mafi ƙanƙanta: dala 4,809 ga mutum biyu, dala 5,299 ga manya biyu da yaro ɗaya, dala 5,999 ga mutum huɗu. Ki raba: mutum biyu kowannensu na biyan kusan dala 1,200 a dare, huɗu kuwa kowa dala 750.

A cikin kuɗin akwai abinci duka, da tikitin wuni ɗaya na shiga wurin wasan Disney mai suna Hollywood Studios, inda ɓangaren Star Wars da ake kira Galaxy's Edge yake, da damar hawa manyan lilo biyu na wurin ba tare da dogon layi ba. Ginin kuwa an yi shi ne kamar jirgin sararin samaniya mai suna Halcyon. Babu taga ta gaskiya a ɗakuna, allo ne ke nuna taurari suna wucewa. Babu wurin ninƙaya. Ɗakin matsattse ne, gado babba ɗaya, gado mai hawa biyu a jikin bango, da wani da ake janyowa. Duk wanda ya je neman hutu irin na otal mai taurari biyar da wannan kuɗin, ya yi kuskuren adireshi.

Amma kar ki ɗauka abin bai yi kyau ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka je sun fito suna yabo, musamman yadda 'yan wasan ke riƙe sunan baƙo, su tuna abin da ya faɗa jiya, su ja shi gefe su ba shi sirri. Matsalar a ganina ta lissafin kasuwa ce. Otal na yau da kullum in rabin ɗakunansa babu kowa, sai ya rage masu shara da masu girki. Wannan kuwa ko ɗaki 40 aka kama, dole kyaftin ɗin jirgi ta fito, mawaƙiya ta yi waƙa, a yi faɗan ƙarshe, duk da cikakkun ma'aikata. Kuɗin gudanarwa ba ya sauka. Ga shi labarin ɗaya ne, duk da akwai hanyoyi daban-daban na bi ta cikinsa, don haka wanda ya je sau ɗaya ba shi da wani dalili mai ƙarfi na sake zuba dala dubu biyar. Masu son Star Wars sosai, masu kuɗin, kuma masu son shiga wasan kwaikwayo na kwana biyu, in aka haɗa sharuɗɗan uku ba su da yawa. Watannin farko suka cika maƙil, daga nan aka fara ganin gurabe, aka fara rangwame, sai rufewa. Kamfanin ya rubuta asarar darajar ginin ta kusan dala miliyan 250 a littafinsa.

Injiniya M.:

Malam Abu Hanif ya yi bayani, sai dai ban yarda cewa lissafin kasuwa kaɗai ne ba. Akwai kura-kurai a tsarin abin kansa, kuma suna da amfani ga Hajiya saboda su ne za ta duba a duk wani wuri mai kama da shi.

Babba a ciki: lokacin da otal ɗin ke aiki, yawancin labarin ta waya yake zuwa. Akwai manhajar Play Disney Parks, ta cikinta ne 'yan wasa ke "aiko da saƙo", ka zaɓi amsa, sai a tura ka wani lungu ka ɗauki hoton lamba a jikin akwati ko ka warware wani wasan kwakwalwa. Abin da ka zaɓa shi ke buɗe maka taron sirri da wani ɗan wasa da yamma. To in manhajar ta maƙale, ko batir ya mutu, ko ba ka gane tun awannin farko cewa sai ka rinƙa amsa saƙonnin ba, sai ka wayi gari babu komai a jadawalinka alhali na kusa da kai an gayyace shi ɗakin injin. Kuɗi ɗaya kuka biya. Mutum ya biya don ya ajiye waya ya shiga wata duniya, sai ga shi kansa a sunkuye a kan allo.

Na biyu, yawan mutane a kan ɗan wasa ɗaya. Ɗaki 100, kowanne da mutum uku ko huɗu, kin ga jirgi cikakke zai ɗauki mutum ɗari uku da wani abu, manyan 'yan wasan kuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Wanda ya iya kutsawa gaba, ya sa kayan da suka dace da labarin, ya iya zance da Turanci ba tare da jin kunya ba, shi ke kwashe rabon. Mai kawaici yana baya yana leƙe ta kafaɗar wasu. Wannan batun harshe kar a raina shi: duk otal ɗin da darajarsa ke rataye a kan hira da 'yan wasa, in yaro bai jin yaren da kyau, rabin kuɗin ya tafi a banza.

Na uku, gajiya. Jadawali cike yake daga safe har dare, kuma tsoron kar wani abu ya wuce ka ba ya barin ka ka kwanta da rana. Yaro ɗan shekara 4 ba zai jure ba. Ɗan shekara 11 shi ne zai fi kowa mora.

Ki kwatanta da yadda Legoland suka yi nasu, mai sauƙi ƙwarai amma yana aiki. A ɗaki akwai ƙaramin akwati mai makulli na lambobi. Ana ba yara takarda mai tambayoyi, misali su ƙirga wasu abubuwa da aka ɓoye a zanen bango ko kafet, amsoshin su ne lambobin buɗe akwatin, a ciki kuma akwai 'yar kyautar Lego. Minti ashirin ne, babu waya, babu ɗan wasa, babu abin da zai lalace. Yara na da lungunsu da gado mai hawa biyu da talabijin ɗinsu, lifta kuma in ta rufe sai fitilu masu launi su kama juyawa da kiɗa. Ga masu shekara 4 da 8 wannan ya fi jirgin samaniyar nan tasiri, a kan ɗan kaso na kuɗin. Mai shekara 11 kuwa ya kusa wuce shi, domin an tsara wuraren ne don 'yan shekara 2 zuwa 12.

Anti Rabi:

'Yar'uwa, bari in koma kan tambayarki ta lissafi, don a nan ne mutane suke zubar da kuɗi ba su sani ba.

Ki ɗauki takarda ki raba biyu. Gefe ɗaya otal na cikin wurin wasan, ɗaya gefen otal mai kyau na waje. A kowanne ki rubuta kuɗin ɗaki bayan haraji, ba wanda ke shafin farko ba. A yankin Orlando, inda Disney World da Universal suke, harajin ɗaki kashi 12.5 cikin ɗari ne a gundumar Orange, 13.5 a Osceola, don haka ɗakin dala 600 ya zama 675 kafin a taɓa komai. A Faransa akwai ɗan harajin kwana da ake karɓa a kan kowane babba a kowane dare. Ki ƙara kuɗin ajiye mota: otal-otal na Disney World sun daina cajin baƙinsu wannan tun Janairu 2023, na Universal suna caji kowane dare. Otal na waje da yawa suna da wani ƙarin kuɗi na dole da suke kira kuɗin kayan more rayuwa, shi ma sai a shafin ƙarshe yake fitowa. Sannan ki ƙara kuɗin zuwa da dawowa kullum in kina waje, da kuɗin fakin a ƙofar wurin wasan. Motar Disney ta kyauta daga filin jirgin Orlando ta daina aiki tun farkon 2022, wasu tsofaffin bayanai a intanet har yanzu suna ambatonta, kar ki dogara da su.

Daga nan sai ki sa wa gata farashi. A nan bambancin yake da girma sosai tsakanin kamfani da kamfani.

A Universal Orlando otal uku ne, Portofino Bay, Hard Rock da Royal Pacific, ke ba duk wanda sunansa ke kan ɗaki takardar tsallake layi mara iyaka, Express Unlimited, a wuraren wasansu biyu na asali. Kuma tana aiki ranar shiga da ranar fita. Ma'ana dare ɗaya ya ba ki wuni biyu. In za ki saya daban, takan wuce dala 100 ga mutum ɗaya a rana, lokacin cunkoso ma ta ninka. Ku biyar, wuni biyu, ko a dala 100 ne dala 1,000 ke nan. Sau da yawa ɗakin bai kai haka ba. Shi ya sa masu wayo ke kama dare ɗaya tal a can, su iso da sassafe su karɓi katin tun kafin a ba su ɗaki, su bar kaya a wurin ajiya, sauran kwanakin su koma otal mai araha. Amma a kula da abu biyu. Tikitin shiga ba ya ciki, shi daban ake saya. Sannan gatan bai shafi sabon wurinsu Epic Universe da aka buɗe ranar 22 ga Mayu 2025 ba, kuma Helios Grand, otal mai ɗaki 500 da ke da ƙofarsa ta shiga Epic Universe kai tsaye, ba ya ba da wannan takardar duk da tsadarsa. Mutane na ganin shi ne mafi sabo da kyau sai su ɗauka komai na ciki.

A Disney World gatan ya fi siriri. Duk baƙon otal ɗinsu na shiga minti 30 kafin kowa, kuma wannan ɗaya ne ko kina mafi araha ko mafi tsada. Baƙin otal-otal ɗinsu masu tsada suna samun ƙarin awanni da dare a wasu ranaku, wanda da yaro ɗan shekara 4 ba lallai ki mora ba. Baƙon otal na iya zaɓar lokutan Lightning Lane, wato tsarin tsallake layi na Disney, kwana 7 kafin isowa, na waje kwana 3, sai dai sayensa ake yi, ba kyauta ba ne. Minti 30 ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne in an yi amfani da shi, domin yana iya cire miki layi ɗaya ko biyu masu tsawon awa guda. Sharaɗin shi ne ku kasance a ƙofa tun kafin lokacin, wato a tashi yara da asuba. Iyalin da ba sa fita ɗaki sai ƙarfe goma sun biya kuɗin abin da ba su taɓa ba.

Sai batun ku biyar, wanda shi kaɗai zai iya sauya komai. Yawancin ɗakuna na mutum huɗu ne, kuma dokar kashe gobara ce, ba a roƙo. Yaro ƙasa da shekara 3 ne kaɗai ba a ƙirgawa a Disney, ƙaramin naki kuwa yana da 4. Don haka ko dai ɗakin iyali mai ɗaukar shida kamar na otal ɗin Disney mai suna Art of Animation, ko ɗaki mai gado na biyar da ake janyowa daga bango, ko ɗakuna biyu. In ɗakuna biyu ne, ki sani neman masu ƙofa a tsakani roƙo ne kawai, ba alkawari ba. Kuma ɗan shekara 11 babba ne a tikitin Disney, farashin yara daga 3 zuwa 9 ya tsaya.

Abu Hanif:

Anti ta ƙare magana a kan gata. Zan ƙara ɗaya a kan kyawun wurin, don kar a ɗauka komai lissafi ne. Akwai otal-otal da abin da suke nunawa gaskiya ne ba zane ba, kuma su ne nake ganin suka fi riƙe darajarsu. Animal Kingdom Lodge na Disney World, wanda aka buɗe a 2001, yana da fili da raƙuman dawa da jakunan dawa ke kiwo a ƙarƙashin baranda. Wannan babu batir da zai mutu. Sai dai a karanta sunan ɗakin da kyau: mai kallon filin dabbobi daban, mai araha da ba ya kallon filin daban, kuma na biyun kan iya zama wurin ajiye motoci ko rufin gini. Dabarar ita ce a kama mai arahar, a rinƙa saukowa wuraren kallo na kowa da kowa da sassafe da yamma, lokacin da dabbobin suka fi motsi. Ba a shiga da balan-balan saboda dabbobin, a gaya wa yara tun kafin a saya musu. Rauninsa nisa: bas kaɗai ke zuwa wuraren wasa daga can.

A Turai kuwa salon ya bambanta kuma sau da yawa ya fi sauƙin kuɗi. Europa-Park a garin Rust na Jamus, na iyalin Mack, ya gina otal shida, daga El Andaluz na 1995 zuwa Krønasår na 2019 wanda aka yi kamar gidan tarihi. Ɗaya daga cikinsu, Colosseo, yana da dandali a tsakiya irin na Italiya, da kangon gini irin na tsohuwar Rum da maɓuɓɓugar ruwa, kuma ko ba ka kwana a can kana iya shiga ka zauna. Wurin wasan Puy du Fou a Faransa nasu tarihi ne: akwai wanda za ka kwana a cikin tanti irin na sarakunan ƙarni na 16, akwai bukkoki a kan ruwa. Mafi kusa da "shiga cikin labari" da har yanzu ke aiki, a ganina, shi ne otal ɗin Charles Lindbergh a wurin wasan Phantasialand kusa da Kolon a Jamus, na 2020. Ɗakunan kamar bututun jirgi suke, na mutum biyu, ƙanana ƙwarai, kuma dogon lilon F.L.Y. yana ratsawa ta tsakanin gine-ginen, mutane na wucewa a kife ta gaban ƙofarka. Ana sayar da shi a dunƙule da tikiti da abinci. Ga iyali mai mutum biyar da ƙaramin yaro bai dace ba sam, na ambata ne don a ga cewa ana iya sa mutum cikin wata duniya da gini da sauti kawai, ba sai an ɗauki 'yan wasa albashi ba.

Maman Uku:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abin da na fahimta, ba sai an yi duk kwanakin a mai tsadar ba. To in za a raba, a fara da shi ko a ƙare da shi? Kuma dare nawa ya isa?

Anti Rabi:

Ya danganta da abin da kika saya. In gata ne, kamar takardar tsallake layi, ki sa daren a tsakanin ranaku biyu da za ku fi hawa lilo, kuma ya faɗo tsakiyar mako, domin daren Juma'a da Asabar sun fi tsada kusan ko'ina. In kyawun otal ɗin ne, ki bar shi ƙarshe, dare ɗaya ko biyu, kuma kar ki sayi tikitin wurin wasa na wannan wunin. Kuskuren da aka fi yi ke nan: a biya ɗaki mai kallon raƙuman dawa, a fita ƙarfe bakwai na safe, a dawo sha ɗaya na dare lokacin da ba a ganin komai sai duhu. Yara kuma in suka fara da mai kyan, na biyun zai zame musu kamar horo.

Ranar sauya otal tana cin kusan rabin wuni in ba a shirya ba. Fita ƙarfe 11 na safe ne, ɗaki kuma ba ya samuwa sai 3 ko 4 na yamma. A haɗa kaya tun dare, a ware jaka ɗaya mai kayan wanka da magunguna da caja ta kasance a hannu. Tsakanin otal ɗin Disney da wani na Disney masu ɗaukar kaya suna kai muku da kansu, sai dai sukan iso da yamma, kuma a ba su tukuici.

In Disneyland na Faris ne, lissafin ya ɗan juya, domin in aka kama ta shafinsu yawanci ɗaki da tikiti a haɗe suke, tikitin kuma ya haɗa da ranar isowa da ranar tafiya. Dare biyu wuni uku ke nan, don haka ki cire kuɗin tikitin mutum biyar na wuni uku daga jimillar kafin ki kwatanta da otal na waje. A Disney na Tokiyo akasin haka ne: kuɗin ɗaki daban, tikiti daban, shiga da wuri minti 15 ne, kuma ɗakunan otal ɗin MiraCosta masu kallon tafkin wurin wasan DisneySea suna ƙarewa cikin mintuna kaɗan da buɗe rajista, don haka sai an saita agogo da lokacin Japan an zauna a gaban kwamfuta kafin lokacin ya yi.